Yadda Ake Zaɓen Manifol ɗin Shan Iska Idan Za a Ɗora wa Inji Turbo

Duk wanda ya ƙudiri niyyar ɗora turbo, wato na'urar da hayaƙin inji ke juyawa tana tura wa injin ƙarin iska, a kan injin da kamfani bai ƙera shi da turbo ba, ba ya daɗewa maganar manifol take taso masa. Yana ganin hotunan motocin tsere, kowace da ƙaton manifol na alminiyom yana sheƙi, sai ya ɗauka nasa na roba ba zai kai shi ko'ina ba. Na sha yin wannan aiki, kuma matsayata ba ta canza ba: a yawancin injina, manifol ɗin da motar ta zo da shi ya isa, kuma ba a canza shi sai da dalilin da ka auna da hannunka. A nan zan nuna maka yadda ake gano ko akwai wannan dalili, da yadda ake zaɓe idan ya tabbata akwai shi.

Manifol ɗin da nake nufi shi ne na ɓangaren shan iska, ba na salansa ba. Kashi uku gare shi. Akwai maƙogwaron totur, inda faifan da ke buɗewa idan ka taka totur yake. Akwai tumbi, wato ɗakin da iska ke taruwa bayan ta wuce maƙogwaro. Sai ƙafafu, bututan da ke ɗaukar iska daga tumbi zuwa kowace silinda.

Kayan da za ka tanada

- Littafin gyaran injinka, saboda awon ɗaurin notuna da taswirar tiyo-tiyo.
- Saitin soket da sifanoni, da sifana mai awon ɗauri.
- Miƙaƙƙiyar rula ta ƙarfe, fila geji (siraran faifan ƙarfe na auna tazara), da baniya ta auna faɗin rami.
- Kofin awo mai lambobi, da tef mai ƙarfi.
- Kwamfiresa mai abin rage matsi, da agogon matsi da ke karantawa har bar 3 (bar ma'aunin matsi ne).
- Ruwan sabulu a kwalbar feshi, da gilashin kare ido.
- Sabon gaskit, tiyon silikon, kilif masu noti, da bawul mai hanya ɗaya guda biyu ko uku.
- Kwali, almakashi, maka (alƙalamin zane), da tsummoki masu tsabta.
- Agogon waidban mai auna cakuɗar iska da fetur.

Idan babu kwamfiresa, famfon taya na ƙafa zai yi, ka dai dasa bawul ɗin taya a jikin murfin da za ka toshe maƙogwaro da shi. Idan babu baniya, rula da sabon gaskit za su fitar da kai. Abu biyu ne ba su da madadi: sifana mai awon ɗauri da agogon waidban. Wanda ba shi da su ya aro ko ya dakata.

1. Rubuta abin da kake nema a takarda

Lambobi uku nake so ka rubuta: ƙarfin dokin da kake buri, matsin turbo da za ka tsaya a kai, da juyin injin da motar za ta fi zama a cikinsa. Kada ka rubuta abin da kake mafarki, ka rubuta abin da fistin da sandunan injinka za su iya ɗauka. Injin da ba a buɗe cikinsa an ƙarfafa shi ba, yawanci a kan tsaya ne tsakanin bar 0.4 da 0.6, wato 6 zuwa 9 a ɗaya ma'aunin matsin da ake kira psi.

Lissafin mai sauƙi ne. Iskar da ke kewaye da mu tana da matsin kusan bar 1, ko psi 14.7. Idan turbo ya ƙara rabin bar, injin na samun iska kusan ninki ɗaya da rabi. Injin da ke ba da doki 150 zai doshi 225 a takarda, a zahiri kuma ya ɗan gaza haka saboda zafin iska da cunkoson salansa. A wannan mataki da wuya manifol ya zama shi ne ke shaƙe injin. Wanda ke neman ninka ƙarfin injinsa sau biyu ko uku, yana juya shi sama da 7,500 a minti, shi ne maganar sabon manifol ta fi shafa.

2. Fahimci abin da tsayin ƙafa ke yi

Mutane da yawa suna cewa da zarar an sa turbo, siffar manifol ba ta da sauran tasiri, tunda tura iskar ake yi da ƙarfi. Ba haka ba ne. Duk lokacin da bawul ɗin shan iska ya rufe, iskar da ke gudu a cikin ƙafa tana cin karo da shi, sai wani matsi ya koma baya zuwa tumbi ya sake dawowa, kamar amsa-kuwwa. Idan ya dawo daidai lokacin da bawul ke buɗe, yana cusa ƙarin iska a silinda kyauta. Gudun wannan matsi gudun sauti ne, kuma gudun sauti da zafin iska yake tafiya, ba da yawan matsinta ba. Don haka juyin da ƙafa ke taimakawa kafin turbo, kusan a nan take taimakawa bayan turbo.

Doguwar ƙafa siririya tana ba da ƙarfin ja a ƙasa da tsakiyar juyi. Gajeriya mai faɗi tana ba da ƙarfi a sama, ta rage a ƙasa. Ga inda abin ya fi muhimmanci ga mai turbo: kafin turbo ya tashi, injinka inji ne na yau da kullum, kuma hayaƙin da yake fitarwa a wannan lokaci shi ke juya turbo ɗin. Idan ka yanke masa ƙarfin ƙasa da gajerun ƙafafu, turbo zai makara wajen tashi. Motar za ta zama mai nauyin jiki daga fitilar hanya zuwa fitilar hanya, sai can sama take farkawa. Mai motar hawa ta kullum dogayen ƙafafu ne abokansa.

3. Cire na asali ka gwada shi

Cire kan batir, ka sauke matsin fetur, ka ɗauki hoton kowace tiyo da waya kafin ka zare ta. Da zarar manifol ya fita, toshe ramukan kan silinda, wato sashen saman inji da manifol ke ɗaure a jikinsa, da tsumma mai tsabta. Noti ɗaya da ya faɗa ciki ba a gani ba ya isa ya kashe inji.

Wanke manifol ɗin, ka duba shi a haske. A na roba, bi layin da aka manne ɓangarorinsa biyu, nan ne yake fara tsagewa. Duba bakunan tiyo, domin robar da ta daɗe tana shan zafi tana bushewa ta riƙa karyewa da ɗan taɓi. Kada ka raina manifol don na roba ne. Robar nailan ce da aka cakuɗa da zaren gilashi, kuma kamfanoni da dama, irin su Volkswagen da Ford da Subaru, suna sa irinta a motocinsu masu turbo tun daga masana'anta. Ba ta ɗaukar zafin inji kamar alminiyom, cikinta kuma sumul yake. Abin da ke fasa ta ba matsin turbo na hankali ba ne, tsufa ne da kuma wutar da ke bugowa baya ta cikin manifol idan saiti ya lalace.

Yanzu gwajin matsi. Yanka faranti na alminiyom ko katako mai kauri daidai da fuskar da ke haɗuwa da kan silinda, ka shimfiɗa roba a tsakani, ka ɗaure da notuna. Toshe ƙananan bakuna da ramukan injekta (masu fesa fetur), ka sa murfi a maƙogwaro da kilif biyu. Sa gilashin ido, ka tsaya a gefe, ba a saitin murfin ba, don idan ya kuɓuce da gudu yake fita. Ƙara iska a hankali har ta kai ninki ɗaya da rabi na matsin da ka rubuta a takarda. Mai neman bar 0.6 ya kai 0.9 ko 1. Fesa ruwan sabulu ko'ina. Inda ke yoyo za ka ga kumfa tana tasowa ƙanana-ƙanana tana taruwa, musamman a gefen sandar faifan totur da layin manni. Ɗan kumfa a sandar faifai ba abin tashin hankali ba ne, ana canza robarta. Kumfa a jikin tumbi kuwa hukunci ne: wannan manifol ya gama aiki.

Idan ba ka son cire shi, ana iya gwajin a jikin mota ta hanyar hura iska daga bututun shiga, sai dai wata iskar za ta riƙa sulalewa ta bawul ɗin da ke buɗe, don haka kunne da kumfa za ka bi, ba tsayuwar allurar agogo ba.

Akwai wani abu da ake mantawa. Injina da yawa suna da manifol mai canza hanya da kansa: ACIS na Toyota, DISA na BMW, VICS na Mazda, IMRC na Ford. A cikinsu akwai faifai da ke sauya tsawo ko faɗin hanyar iska gwargwadon juyi, kuma da yawansu zuƙar inji, wato jan iskar da yake yi ta cikin manifol, ce ke motsa su. A ƙarƙashin matsin turbo babu zuƙa, sai wadda aka adana a ɗan tankinta. Duba bawul mai hanya ɗaya na wannan tanki, ka tabbata yana riƙewa. Girgiza faifan da yatsa. Idan yana kwaɗ-kwaɗ a kan sandarsa, gyara shi ko ka cire shi gaba ɗaya ka toshe ramin yadda ya kamata, domin ƙusar da ta kwance daga nan cikin silinda za ta nufa.

4. Duba inda maƙogwaro ke kallo

A ganina wannan shi ne dalili mafi ƙarfi da ke sa a canza manifol, ya ma fi maganar ƙarfin doki. Iska za ta fito daga turbo da zafi, ta je intakula, wato abin sanyaya iska, a gaban mota ta huce, sannan ta dawo maƙogwaro. Idan maƙogwaron yana kallon inda bututu zai iso shi kai tsaye, ka huta. Idan kuwa sai bututu ya zagaye rabin ɗakin inji, ya bi ta saman salansa, to iskar da ka sanyaya za ta sake ɗumama, kuma kowace gwiwa wurin yoyo ce.

Misalin da aka fi sani shi ne injin 2JZ-GE na Toyota. Manifol ɗinsa yana haurawa ta saman inji, maƙogwaron ya sauka a ɓangaren salansa, daidai unguwar da turbo zai zauna. Ko filogi za ka canza sai ka kwance wannan sashe. Shi ya sa masu ɗora masa turbo da yawa suke komawa ga manifol mai kallon gaba. Duk da haka akwai masu barin na asalin, su naɗe bututu da abin kare zafi, motar kuma ta yi aiki lafiya.

Kafin ka sayi komai, yanka kwali daidai girman manifol ɗin da kake so, ka sa shi a wurin, ka rufe bonet a hankali. Duba tazara da tukunyar birki, da altaneta, da batir, da fankar lagireto. Bar aƙalla faɗin yatsa biyu, saboda inji yana jirgawa a kan kujerunsa idan ya ɗauki ƙarfi.

5. Idan canjin ya zama dole, ga hanyoyin

Hanyar da na fi so ita ce ɗauko manifol daga wani inji na gida ɗaya. Kamfani ya riga ya kashe kuɗin gwaji a kansa, ramukan injekta suna daidai, kuma ba ya yoyo. Masu BMW sun daɗe suna ɗora manifol ɗin injin M50 a kan injin M52 saboda ƙafafunsa sun fi faɗi, suna samun ƙari a sama, suna ɗan rasa ƙarfin ƙasa. Masu injinan Honda K20 da K24 suna neman manifol ɗin Honda da ake kira RBC. Amma kada ka ɗauka duk 'yan gida ɗaya suna shiga wa juna. Manifol ɗin 2JZ-GTE, wanda ya zo da turbo daga kamfani, ba ya hawa kan silindar 2JZ-GE kai tsaye, domin fuskar haɗinsu ta bambanta. Ɗauki gaskit ɗin injinka ka je da shi, ka ɗora a kan manifol ɗin da za ka saya. Idan ramukan iska da na notuna ba su faɗa daidai ba, ka bar shi.

Hanya ta biyu ita ce na kasuwa da aka zuba da alminiyom. Mai kyau daga kamfanin da ke nuna sakamakon gwajinsa a kan irin injinka abin saye ne. Na kwaikwayo kuma sai ka shirya yi masa aiki. Ɗora rula a fuskar haɗi, tsaye da kwance da karkace, ka gwada cusa fila geji na milimita 0.1 a ƙarƙashinta. Idan ya shige, sai an kai fuskar an goge ta a injin gogewa. Haska tocila cikin ƙafafu ka zura yatsa: za ka iya tarar da tudun zubi, ko ɓarɓashin ƙarfe maƙale a lungu. Duk sai an share, an wanke da ruwan zafi da sabulu, an busar.

Hanya ta uku ita ce na walda, wanda ake lanƙwasa farantin alminiyom a haɗa. Yana da kyau a ido, kuma a nan aka fi yin kuskure. Ka yi wannan lissafi: bar 1 yana danna kowane murabba'in santimita da nauyin kusan kilo 1. Bangon tumbi mai tsawon santimita 30 da faɗin 10 yana ɗaukar kusan kilo 300 ke nan. Da ka saki totur kuma matsin ya juye ya koma zuƙa, bangon ya lotsa ciki. Haka zai yi ta kumbura yana lotsawa har waldar kusurwa ta gaji ta tsage. Don haka tumbi ya zama mai zagaye ko mai lanƙwasa, ba akwati mai bango a miƙe ba. Kaurin faranti kada ya gaza milimita 3, fuskar haɗi kuma 10 zuwa 12, a goge ta bayan an gama walda, ba kafin ba, domin zafin walda yana murɗe ta. A sa masa madogari daga tumbi zuwa jikin inji, kada nauyinsa ya rataya a kan ƙafafu kaɗai.

Wanda kuɗinsa bai kai ba, kuma manifol ɗinsa na alminiyom ne mai hawa biyu, yana iya barin ƙafafun ƙasa na asali tare da injekta da layin fetur, a yi masa sabon tumbi kawai mai kallon inda yake so. Wannan dabara tana rage aiki sosai, kuma tana barin tsayin ƙafa kusa da yadda kamfani ya tsara.

6. Auna tumbi, ka duba rabon iska

Cire duk wata sensa, ka toshe bakin ƙafafu daga cikin tumbi da tef, ka zuba ruwa da kofin awo har ya cika. Abin da masu wannan sana'a suka saba bi shi ne tumbi ya kama daga girman injin zuwa ninki ɗaya da rabi, wasu su kai ninki biyu a motar tsere. Injin lita 2 ke nan yana son tumbin lita 2 zuwa 3. Wannan ƙa'idar gwaji ce, ba doka ba. Ƙaramin tumbi yana sa silindu su riƙa wawason iska a juyi na sama. Wanda ya yi girma da yawa yana sa totur ya yi sanyin amsawa, silo kuma, wato aikin inji ba a taka totur ba, ya yi wuyar saitawa.

Abin da ya fi girman tumbi muhimmanci shi ne kowace silinda ta sami rabonta daidai, kuma a nan nake so ka fi zuba ido. Ƙwaƙwalwar mota, wato kwamfutar da ke sarrafa inji, tana ba duk silindu fetur iri ɗaya, waidban kuma matsakaicin hayaƙinsu duka yake karantawa. Idan silinda ɗaya tana samun iska fiye da sauran, ita kaɗai za ta riƙa aiki da ƙarancin fetur, tana zafi, tana ƙwanƙwasa, alhali agogo yana nuna maka komai lafiya. Da haka fistin ɗaya ke narkewa alhali sauran suna nan garau. A manifol ɗin da iska ke shiga ta gefe ɗaya, tana da halin wuce ƙafar farko da gudu ta je ta taru a ta ƙarshe. Mai kyau za ka ga tumbinsa yana tsukewa a hankali zuwa ƙarshe, akwai 'yar tazara tsakanin maƙogwaro da ƙafar farko, kuma bangon ƙarshe bai manne da ƙafar ƙarshe ba. Leƙa ciki ka ga bakin kowace ƙafa: ya zama mai lanƙwasa a buɗe, ba bututu da aka yanke aka liƙa da kaifin baki ba.

7. Maƙogwaron totur

Bar na asali in dai zai ɗauru. Maƙogwaro mai faɗin milimita 60 zuwa 65 yana wuce iskar da ta ishi doki 300 a injin turbo ba tare da wahala ba. Na milimita 90 a kan ƙaramin inji ba ya ƙara komai sai wahalar tuƙi: ɗan taɓi kaɗan motar ta zabura. Idan totur ɗinka na lantarki ne, kada ka musanya shi da wani sai ka tabbata ƙwaƙwalwar motar za ta iya sarrafa sabon. Idan na waya ne, tabbatar sabon manifol yana da mazaunin wayar, da wurin sensar totur, da wurin bawul ɗin silo.

Injin da ke da maƙogwaro ɗaya ga kowace silinda ma ana sa masa turbo. RB26DETT na Nissan Skyline GT-R da guda shida ya fito daga kamfani. Amma saitinsa aiki ne na wanda ya ƙware, ba wurin farawa ba ne.

8. Bi ƙananan tiyo ɗaya bayan ɗaya

Kafin turbo, manifol ɗinka zuƙa kawai ya sani. Yanzu zai riƙa hurawa, kuma duk abin da ke haɗe da shi zai sha wannan hurin. Ko ka canza manifol ko ba ka canza ba, wannan mataki dole ne.

Fara da birki. Zare bawul mai hanya ɗaya da ke kan tiyon tukunyar birki, ka hura ta ɓangaren manifol. Iska kada ta wuce. Idan ta wuce, sayi sabo kafin motar ta taka titi, kuma kada ka raba wannan tiyo da wani abu.

Sai bawul ɗin PCV, mai zuƙe tururin baƙin mai daga cikin inji. Na asali da yawa ba sa rufewa ruf idan aka hura su, sai matsin turbo ya shiga cikin inji, ya turo sandar awon mai waje, ya sa sil-sil su fara zubar da mai. Ƙara masa bawul mai hanya ɗaya. Ɗaya tiyon numfashin, wanda a da yake haɗe da bututun shiga, a mayar da shi gaban bakin turbo, inda babu matsi, zai fi kyau ta cikin gwangwanin tare mai. Layin tururin tankin fetur shi ma yana son nasa bawul ɗin.

Abin daidaita matsin fetur, a motar da ke da layin mayar da fetur tanki, ya sami tiyonsa shi kaɗai daga tumbi. Idan yana riƙe bar 3, turbo ya ƙara rabin bar, dole fetur ya hau 3.5, in ba haka ba injekta ba za ta fesa abin da ake zato ba. Tiyon nan idan ya zare ana cikin gudu, inji yana iya ƙonewa cikin daƙiƙu. Ɗaure shi da kilif. Bawul ɗin sakin iska, mai fitar da rarar matsi idan ka saki totur, da agogon matsi daga tumbi suke ɗauka, bayan faifan totur. Wesget kuwa, wato bawul ɗin da ke ƙayyade matsin turbo, ya fi son ɗauka daga bakin da iska ke fita daga turbo ko bututun da ke kai iska ga faifai.

Sensar MAP, mai auna matsin iska a cikin manifol, ta yawancin injina marasa turbo iyakarta wajen bar 1, wato ba ta ganin matsin turbo sam. Mai bar 2 tana karantawa har kusan psi 14 na ƙari, mai bar 3 har kusan 29, kuma dole a gaya wa ƙwaƙwalwa an canza ta. A dasa ta a jikin tumbi, ba a ƙafa ɗaya ba, inda karatun zai riƙa rawa. Sensar zafin iska ta zauna bayan intakula, kusa da maƙogwaro. Idan manifol ɗin da ka zaɓa ba shi da isassun bakuna, a huda a yanka zare a dasa kafin a ɗaura shi, ko ka sa ɗan sandan rarraba zuƙa mai bakuna da yawa. Duba kuma ko na asalin yana da hanyar ruwan lagireto ko ta EGR, mai mayar da ɗan hayaƙin salansa cikin inji. Ƙasashe da yawa sun hana cire kayan rage hayaƙi a motar da ke hawa titi, don haka ka san dokar inda kake.

9. Injekta da fuskar haɗi

Gwada injekta a raminta kafin komai. Robar bakinta ta shiga da ɗan matsi, kuma tsinin ya kalli bayan bawul, ba bangon ƙafa ba. Layin fetur ya ɗauru da notuna, kada a bar injekta tana iya zamewa idan matsi ya turo ta. Sannan ɗora gaskit a fuskar manifol ka zana da maka, ka yi haka a kan silinda. Idan ramin manifol ya ɗan fi na kan silinda ƙanƙanta, ba laifi. Idan ya fi shi girma, iska za ta riƙa cin karo da dakali, wannan ne ba a so.

Ga mai tsohon inji na kafireto: idan turbo zai hura ta cikin kafireto, dole a shirya kafireton don matsi, a sa fulot da ba ya lotsewa, matsin fetur kuma ya riƙa hawa tare da na turbo. Idan kafireton yana gaban turbo ne, kada a sa intakula ko babban tumbi, domin cike za su kasance da cakuɗar fetur da iska, tartsatsi ɗaya ya isa.

10. Ɗaura, gwada, saita

Cire tsummokin da ka toshe ramuka da su, ka ƙirga su. Sa sabon gaskit. Ɗaure notuna daga tsakiya zuwa waje, zagaye biyu ko uku, har awon da littafi ya faɗa. Na roba awonsa kaɗan ne, wanda ya ɗaure da ƙarfin hannu zai fasa kunnensa. Maimaita gwajin matsi a kan dukkan hanyar, daga bakin turbo har manifol. Kunna makulli ba tare da tayar da inji ba, ka duba yoyon fetur a kowace injekta.

Duk canjin manifol yana canza yawan iskar da injin ke sha a kowane juyi, don haka tsohon saiti ya tashi aiki. Kada ka shiga matsin turbo sai mai saiti ya zauna a kan motar. Da fetur, cakuɗar da ake nema a cikakken matsi tana wajen kashi 11.5 zuwa 12 na iska ga kashi ɗaya na fetur, ba 14.7 na tafiyar hankali ba. A fara da mafi ƙarancin matsin da wesget ke bayarwa.

Bayan jan farko mai ƙarfi, kashe injin ba tare da barinsa ya daɗe a silo ba, ka cire filogi duka ka jera su bisa lambar silinda. Launinsu ya zo ɗaya. Idan ɗaya ya fi sauran fari, ko ka ga ɗige-ɗige kamar barkono a jikin farin, wannan silindar tana samun iska fiye da rabonta ko injektarta ta gaza. Musanya injektar da ta wata silinda ka sake gwadawa. Idan farin ya bi injekta, ita ce mai laifi. Idan ya tsaya a silindarsa, manifol ne, sai mai saiti ya ƙara wa wannan silinda fetur ita kaɗai in ƙwaƙwalwar tana iyawa, ko a gyara tumbin. Bayan injin ya yi zafi ya huce sau biyu ko uku, sake bin notunan manifol da sifana mai awo, ka kuma ja kowace ƙaramar tiyo da hannu ka ji ko tana nan daram.